Yadda Ake Gina Rumbun Bayanai da Kula da Shi: Jagora Daga Aujara

Daga Aujara zuwa Jahun, daga Jahun zuwa Dutse, rajistar da a da ake yi a babban littafi mai kaurin bango ta fara komawa cikin kwamfuta da waya. Shugaban makaranta yana son sunayen ɗalibai da makinsu a wuri ɗaya, mai kemis yana son sanin maganin da ya kusa ƙarewa, sakataren ƙungiyar manoma yana son ya san wa ya karɓi taki bashi, wa ya biya, wa ya saura. Yawanci aikin yakan faɗo kan wani matashi da ya karanta kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutse ko a Kazaure, ko kan ɗan bautar ƙasa da aka turo garin. Da su nake magana a nan, da kuma dattawan da za su sa su aikin su biya su.

Gardamar da matasa suka fi so ita ce wace manhaja ta fi, MySQL ko PostgreSQL. Kowacce daga cikinsu za ta ɗauki aikin gari kamar Aujara ba tare da ta yi nishi ba. Rumbu yakan fara lalacewa ne daga shawarwarin da aka yanke a makon farko, kan yadda za a rubuta sunan mutum da kuɗinsa, sannan ya ƙarasa ranar da kwamfutar ta ƙi tashi aka rasa inda kwafi yake.

Domin maganar ta zauna, mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi: ƙungiyar manoma mai mambobi kamar 400, tana raba taki da irin riɗi bashi a farkon damina, tana karɓar biya da kaka, wani da kuɗi, wani da amfanin gona. Abin da ya shafe ta ya shafi makaranta da asibiti da shago, sunayen teburan ne kawai za su canza.

Kafin ka buɗe kwamfuta, nemi tsohon littafin ƙungiyar ka zauna da sakatare ku bi shi shafi-shafi. Ka fi mai da hankali ga abin da aka rubuta a gefe da wani biro daban: ya biya rabi, ɗansa ne ya karɓa, an yafe masa saboda ambaliya, ta rasu mijinta zai biya. Waɗannan su ne ainihin dokokin aikin, kuma babu wanda zai faɗa maka su idan ka tambaye shi abin da yake so manhajar ta yi, domin a wurinsa abu ne da kowa ya sani. Idan tsarinka bai tanadi wurin yafiya da wakilci ba, sakatare zai cusa su inda ba muhallinsu ba, ko ya koma littafinsa ya bar maka kwamfutarka.

A wannan zaman ne kuma za ka gane ko aikin yana buƙatar rumbu na gaske. Excel ba abin rainawa ba ne. Idan mutum ɗaya ne ke shigar da bayani, kuma jeri ɗaya ne, ya wadatar. Amma da zarar mutum biyu suna rubutu, ko jeri biyu sun dogara da juna, lokacin barinsa ya yi, domin shi ba ya hana kuskure, kuma idan ya zubar da abu ba ya faɗa. A watan Oktoba na 2020 hukumar lafiyar al'umma ta Ingila ta bayyana cewa mutum 15,841 da aka samu da cutar korona ba su shiga ƙididdiga a kan lokaci ba, saboda ana tattara sakamakon a tsohon samfurin fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536. Da fayil ya cika, sauran suka zube shiru. Idan kwamfuta ɗaya ko waya ɗaya ce za ta yi aikin, SQLite ya isa, kuma kyauta ne. Idan mutane da yawa za su shiga a lokaci guda, ɗauki PostgreSQL ko MySQL, wanda ka fi iyawa a cikinsu.

Mutum ɗaya, lamba ɗaya

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci fiye da ko'ina. A ƙauye ɗaya za a iya samun Muhammadu Sani fiye da ɗaya, kuma mutum ɗaya yana iya zama Abubakar a katin zaɓe, Garba a majalisa, Habu a cikin gida. Wanda aka rubuta Muhammad bara, bana wani magatakarda zai rubuta shi Mohammed, wani ya taƙaita shi zuwa Muh'd. A'ishatu takan zama Aisha ko Indo. Ga kuma alkunya: uwa ba za ta faɗi sunan ɗan farinta ba, mace da yawa ba za ta kama sunan mijinta ba, sai ta ba ka laƙabi. Saboda haka suna ba zai taɓa zama abin da rumbu ke gane mutum da shi ba. Rumbun da kansa zai ba kowane manomi lamba, wadda ba ta nufin komai, ba a canza ta, ba a kuma sake bai wa wani ita ko da mai ita ya rasu. Da wannan lambar duk sauran tebura za su riƙa ambaton sa. Ka buga masa ita a ɗan kati ya riƙa zuwa da shi.

A teburin manoma, ka ware wa sunan yanka gurbinsa, sunan mahaifi nasa, sunan kaka nasa, laƙabi nasa. Laƙabin yana da amfani ƙwarai, domin da shi ake neman mutum a gari. Kuma ka tsara fuskar rajista ta yadda ba za a iya ƙara sabon mutum ba sai an fara bincika sunan, an ga jerin masu kama da shi a ƙauyensu. Minti ɗaya ne a lokacin rajista. Idan aka bari mutum ya shiga sau biyu, bashi ya rabu gida biyu, raba gardamar sai an tara mai unguwa da shaidu.

Za a ba ka shawara ka yi amfani da lambar waya a madadin lambar rumbu. Kada ka yarda. Gida guda yakan yi tarayya a waya ɗaya, mutum ɗaya yakan riƙe layi uku, kuma kamfanonin waya suna sake sayar da layin da ya daɗe ba a amfani da shi. Lambar zama ɗan ƙasa ta NIN ta fi waya tabbas, amma ba kowa ke da ita a hannu ranar rajista ba, ana kuskuren kwafe ta, kuma bai dace ta riƙa yawo a kowane tebur da kowace takarda da aka buga ba. Idan da buƙatarta, a ajiye ta a gurbi ɗaya, a hana maimaita ta.

Lambar waya da NIN da BVN duk alƙaluma 11 ne, amma ba a tara su ba a raba su, don haka a ajiye su a matsayin rubutu. Idan ka ajiye lambar waya a gurbin lissafi, sifilin farko zai faɗi, 0803 ta koma 803. Excel ma haka yake yi idan aka buɗe fayil ɗin CSV da shi kai tsaye, kuma da an sake adanawa shi ke nan. Ka zaɓi siga ɗaya, ko mai farawa da sifili ko mai farawa da 234, manhajar ta riƙa mayar da kowace lamba zuwa gare ta.

Akwai tarkon da ke jiran masu fita ƙauye rajista da waya inda babu intanet. Idan kowace waya tana ƙirga lambarta da kanta, ta farko za ta ba wani manomi 101, ta biyu ma ta ba wani 101, sai ranar haɗa bayanai a ga mutum biyu a lamba ɗaya. Ko dai kowace waya ta sami harafinta da za ta riƙa sa wa a gaban lamba, ko a yi amfani da doguwar lambar nan ta UUID da na'ura ke ƙirƙira wadda ba ta karo da wata. Manhajojin rajista ta waya irin su ODK da KoboToolbox suna ba kowane fom irin wannan lambar, kada ka jefar da ita lokacin kwaso bayanai.

Sunan wuri ma kada a bar shi ga yatsun mai rubutu. Ƙaramar hukumar Jahun tana da mazaɓar Harbo Sabuwa da ta Harbo Tsohuwa. Wanda ya rubuta Harbo kawai ya bar maka tambayar da ba ka da mai amsa ta bayan wata shida. Aujara kanta wani zai ƙara mata harafi, wani ya rage, rahoto ya fito da gari uku. A yi teburin mazaɓu da na ƙauyuka, kowane ƙauye a rataye shi a mazaɓarsa, mai shigar da bayani ya zaɓa daga jeri.

Haruffanmu da alamar hamza

Tun ranar ƙirƙirar rumbu ka tabbata yana kan tsarin haruffa na UTF-8. A MySQL sunan da za ka nema shi ne utf8mb4. Tsofaffin samfuransa, kafin na 8.0, suna zuwa ne da latin1, wanda bai san ɓ da ɗ da ƙ ba, sai ya mayar da su alamar tambaya, kuma harafin da ya zama alamar tambaya a cikin rumbu ba ya dawowa. Ka gwada da suna kamar Ɗanladi ko Ƙasimu, daga fom zuwa rumbu zuwa takardar da aka buga, kafin a shigar da mutum na farko. Sannan ka tuna yawancin mutane ba sa sa lanƙwasa idan suna rubutu a waya. Wanda ya nemi Danladi ya kamata ya ga Ɗanladi. Hanya mai sauƙi ita ce a ajiye sunan daidai a gurbinsa, a kuma yi wani gurbi na bincike inda aka cire lanƙwasa da hamza aka mayar da komai ƙananan baƙaƙe.

Hamzar nan, ɗan waƙafin sama da ke cikin Sa'idu da Isma'il da Rabi'atu, ita ce ke tona asirin manhajar da aka gina da gaggawa. A harshen SQL wannan alamar ce ke buɗe rubutu ta rufe shi. Idan mai gini ya liƙa abin da aka rubuta a fom kai tsaye cikin umarni, to da an zo kan Sa'idu umarnin zai yanke a tsakiyar suna, manhaja ta yi kuka. Wasu sukan magance wannan da cewa a daina sa hamza a suna, kuma wannan babban kuskure ne, domin ƙofar da Sa'idu ya faɗa ta cikinta da ita ɓarawo ke shigo da umarninsa ya kwashe ko ya goge tebur. Gyaran shi ne a tura umarni daban, a tura bayani daban, ta hanyar gurabe da kowane harshen gina manhaja ya tanada, ko PHP ne ko Python. Duk manhajar da aka kawo muku, ku fara rubuta mata Sa'idu ku gani.

Kowane zance a wuri ɗaya

Ƙa'idar da Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa a 1970, wadda waɗannan rumbuna suka ginu a kanta, a aikace tana komawa ga abu mai sauƙi: a raba bayanai tebur-tebur bisa abin da suke magana a kai, a haɗa su da lamba. Ƙungiyarmu tana buƙatar teburin manoma, na kaya, na bashi, da na biya. Layi ɗaya a teburin bashi yana cewa manomi mai lamba kaza ya karɓi kaya kaza ranar kaza. Layi ɗaya a teburin biya yana cewa an biya kaza a kan bashi mai lamba kaza. Kada ka yi gurabe masu suna biya na ɗaya, biya na biyu, biya na uku a jikin bashi, domin ranar da wani ya biya sau huɗu za ka rasa inda za ka sa shi. Kada kuma ka ajiye ragowar bashi a gurbin da ake gyarawa da hannu. A bar rumbu ya lissafa shi daga bashi da biya da yafiya duk lokacin da aka tambaya, ta haka ba za a sami lamba biyu masu saɓani ba.

Wuri ɗaya ne nake ganin masu bin ƙa'ida sau da ƙafa suna faɗawa rami, wato farashi. Sukan ce tunda farashin taki yana teburin kaya, ba sai an maimaita shi a teburin bashi ba. To farashin taki yana canzawa tsakanin shuka da girbi. Ranar da aka gyara shi a teburin kaya, bashin kowa zai tashi da shi, har na wanda ya gama biya. Farashin da aka yi ciniki a kansa wani zance ne daban, dole a rubuta shi a layin bashin ranar da aka karɓi kaya.

Dokokin da ka tsinta a littafin sakatare ka dasa su a cikin rumbun kansa, kada ka bar su a fuskar manhaja kaɗai. Ba a biya a kan bashin da babu shi, ba a ba mutum ɗaya kaso biyu a damina ɗaya, adadi ba ya gaza sifili. Fuska za a iya kewaye ta, ko a sake ta baɗi, amma dokar da ke cikin tebur tana nan. Mai amfani da SQLite ya sani cewa dokar da ke ɗaure tebur da tebur a kashe take zuwa, sai an kunna ta da umarnin PRAGMA foreign_keys = ON a duk lokacin da aka buɗe rumbun.

Kuɗi a ajiye shi a gurbin DECIMAL, ko a mayar da shi kwabo a ajiye cikakkiyar lamba. Gurbin FLOAT ƙiyasi yake yi, shi ya sa a yawancin harsunan kwamfuta 0.1 da 0.2 ke ba da 0.30000000000000004, kuma irin wannan ɓurɓushi idan ya taru sai lissafin ma'aji ya ƙi daidaita. Awo kuma a raba adadi da ma'auni. Buhu biyu da rabi idan aka rubuta shi da kalmomi ba ya taruwa. Buhun taki kilo 50 ne, amma buhun riɗi da kwanon awo ba lallai na Gujungu ya zo daidai da na Shuwarin ba, don haka idan akwai sikeli a rubuta kilo, shi ne ba a gardama a kansa.

Kwanan wata a sa shi a gurbin kwanan wata, a siga ta shekara, wata, rana. 03/04/2024 a wurinmu uku ga Afrilu ne, a kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka huɗu ga Maris ne. Kada a ajiye shekarun mutum, domin baɗi sun canza, a ajiye shekarar haihuwa. Dattijon da bai san ranar haihuwarsa ba kada a ƙaƙaba masa ɗaya ga Janairu a wuce kamar tabbas ne. A sa shekarar da aka ƙiyasta, a yi gurbin da ke nuna ƙiyasi ce.

Sifili da gurbin da babu komai ba abu ɗaya ba ne, kuma ma'aikatan lafiya sun fi kowa sanin haka. Rahoton wata-wata na asibitocin Najeriya yana shiga DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar ginawa, kuma a cikinta sai an saita abu musamman kafin ta adana sifili. Asibitin da bai ga mai ƙyanda ko ɗaya ba da asibitin da bai kawo rahoto ba, labarinsu ya sha bamban. Haka manomin da ambaliya ta cinye gonarsa ya girbe sifili, wanda ba a je an tambaye shi ba kuma gurbinsa a bar shi fayau. Rumbu yana tsallake fayau idan yana fitar da matsakaici, amma yana lissafa sifili.

Maganar sauri ba ta da yawa a aiki irin wannan. A sa fihirisa a kan guraben da ake yawan bincike da su, kamar lambar manomi a teburin bashi da na biya, da gurbin binciken suna. Idan wata tambaya ta yi nauyi, umarnin EXPLAIN zai nuna inda take ɓata lokaci. Abin da ya fi jawo jinkiri inda intanet ke da rauni shi ne manhajar da ke tambayar rumbu sau 400 don ta jera mutum 400, alhali tambaya ɗaya ta isa.

Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki

Karɓar biya da amfanin gona aiki biyu ne: a rubuta biya, a ƙara buhunan a lissafin sito. Idan wuta ta tafi bayan na farko kafin na biyu, littafi ya karkace. Don haka ake dunƙule su tsakanin BEGIN da COMMIT, ko su shiga tare ko kada ko ɗaya ya shiga. A MySQL ka tabbata teburanka na InnoDB ne, domin tsohon MyISAM bai san wannan dunƙulewar ba. Kwamfutar kan tebur ba ta da batir, ta sami UPS ko inbata. A ƙaramin ofis laftof mai lafiyayyen batir ta fi ta kwanciyar hankali. Zafin Afrilu da ƙurar hunturu suna cin na'ura, a ɗaga ta daga ƙasa, a bar mata iska, a riƙa share ta.

Wannan dunƙulewar ita ce kuma garkuwarka idan za ka gyara bayani da hannu. UPDATE ko DELETE da aka manta ba a sa masa WHERE ba yana shafar kowane layi a tebur cikin ƙiftawar ido. Ka fara rubuta SELECT da sharaɗin ka ga layukan da zai kamo. Sannan ka buɗe BEGIN, ka yi gyaran, ka duba adadin layin da ya taɓa. Idan kana tsammanin ɗaya ka ga 400, ROLLBACK zai mayar da komai. Kada ka yi irin wannan aiki da dare kana gyangyaɗi, ko ana tsaye a kanka ana jiran rahoto. A harkar kuɗi ma gara kada a goge komai. Idan an yi kuskure a rubuta layin gyara, da sunan wanda ya yi da lokacin da ya yi.

Kwafin ajiya

Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab, yana ƙoƙarin gyara rumbu na biyu da dare, ya goge bayanai a kan na farko, wanda jama'a ke aiki da shi. Kimanin gigabait 300 suka tafi. Da aka juya ga hanyoyin ajiya da kamfanin ya tanada, sai aka tarar ba sa aiki yadda ake zato. Kwafin da ake sa ran manhajar ɗaukar kwafi ta pg_dump tana yi kullum ya daɗe yana faɗuwa saboda samfurinsa bai dace da na rumbun ba, saƙon gargaɗin kuma ba ya isa ga kowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka kimanin awa shida kafin nan, aikin waɗannan awannin kuma ya tafi. Wannan kamfani ne na ƙwararrun masu gina manhaja.

Kwafin da ba a taɓa dawo da shi an gani ba kamar irin shuka ne da ba a gwada tsirarsa ba, sai an zuba shi a gona ake sanin ko yana da rai. Saboda haka sau ɗaya a wata, a ɗauki kwafin jiya a dawo da shi a wata kwamfuta daban, a ƙirga manoma, a tara jimillar bashi, a gwada da na ainihi. A rubuta ranar da sakamakon a littafi, wanda ya yi ya sa hannu.

Yadda ake ɗaukar kwafin ma yana da ƙa'ida. Kada a jawo fayilolin rumbu zuwa filashi alhali yana aiki, domin za a iya kwafe shi a tsakiyar rubutu. PostgreSQL yana da pg_dump, MySQL yana da mysqldump, SQLite yana da umarnin .backup. A sa kwamfuta ta riƙa yi da kanta kullum a lokacin da aka san tana kunne, sunan kowane fayil ya ɗauki kwanan watansa, kada na yau ya hau kan na jiya, domin kuskuren da aka yi ranar Litinin wani lokaci sai Juma'a ake gano shi. A riƙa duban girman fayil ɗin. Idan jiya ya yi nauyi yau ya zama fanko, akwai magana.

Kwafi uku ake so, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ya san dalilin na ƙarshen: kwamfuta da filashin da ke aljihun tebur ɗaya ruwa ɗaya ke cin su, ɓarawo ɗaya ke ɗauke su. Na ukun ya tafi gidan ma'aji, ko a tura shi ma'ajiyar intanet duk ranar da aka sami layi mai ƙarfi, bayan an kulle shi da kalmar sirri. Jakar da ke daidaita kanta da intanet, kamar ta Google Drive, ba ta wadatar ita kaɗai, domin idan fayil ya lalace a nan lalataccen za ta kai can. Filashin ajiya kuma kada ya je shagon buga takardu.

Wa ke da mabuɗi

Kowane ma'aikaci ya sami sunan shigarsa da kalmar sirrinsa, da izini gwargwadon aikinsa. Mai shigar da biya ba ya buƙatar ikon goge tebur, shugaban da ke duba rahoto karatu kawai yake buƙata. Manhajar kanta kada ta shiga rumbu da babban asusu. XAMPP, wanda ɗalibai da yawa ke koyo da shi, yana zuwa da asusun root babu kalmar sirri, don gwaji aka yi shi haka, kada a kai shi ofis a wannan hali. Idan rumbun yana kan uwar garke a intanet, a rufe ƙofarsa, 3306 ta MySQL ko 5432 ta PostgreSQL, ga kowa sai manhajar. A farkon 2017 an goge dubban rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe, aka bar wa masu su takardar neman fansa. Kalmomin sirrin ma'aikata ba a ajiye su yadda suke, a bi da su ta bcrypt ko Argon2.

Bayanan nan amana ce, kuma yanzu doka ta shigo ciki. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta kafa hukumar NDPC, ta kuma wajabta sanar da ita cikin awa 72 idan bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su. Hanya mafi sauƙi ta rage haɗari ita ce kada a karɓi abin da ba a buƙata. Ƙungiyar da ba ta tura kuɗi ta banki ba ta da dalilin tara BVN. Jerin masu bashi kuma ba abin turawa a zauren WhatsApp ba ne, mutuncin magidanta ne a ciki.

Saura ranar da mai gini zai tafi, domin zai tafi. Ɗan bautar ƙasa shekara ɗaya yake yi, ɗalibi zai sami aiki a Kano ko Abuja. Tun farko a buɗe imel da asusun ma'ajiyar intanet da sunan ƙungiya, da layin wayar ƙungiya. Duk canjin da aka yi wa tsarin tebur a rubuta shi a fayil mai lamba, a gwada shi a kan kwafi kafin ya taɓa na ainihi. Damina ta farko a ci gaba da rubuta littafi tare da kwamfuta, a riƙa gwada jimillarsu duk ƙarshen wata. Mai gini ya bar takarda da Hausa mai bayyana ma'anar kowane tebur, inda kwafi yake, da matakan dawo da shi ɗaya bayan ɗaya. Babbar kalmar sirri a rubuta ta a rufe a ambulan, shugaba da ma'aji su san inda take.

Ga shugabannin ƙungiya, ku sa wannan a yarjejeniya tun kafin a fara: kason ƙarshe na kuɗin aikin sai ranar da sakatarenku ya zauna gaban wata kwamfuta daban, da takardar nan a hannunsa, mai gini yana waje, ya dawo da kwafin jiya, ya nemo manomi ɗaya da lambarsa, ya karanto muku ragowar bashinsa, ma'aji ya duba littafi ya ce haka ne.